Sharhi: Rumbun intanet da makomar bayanan da ke cikin wayoyin mutanen Jakusko

Duk shekara idan damina ta yi nisa, ruwan kogunan Haɗeja da Jama'are ya fara gangarowa fadamun arewacin Jihar Yobe, hukumomin agajin gaggawa kan maimaita gargaɗi guda ga mazauna ƙananan hukumomin Jakusko da Bade da Nguru: a tashi daga bakin kogi, a kwashe hatsi da dabbobi zuwa tudu, a killace muhimman takardu. Gargaɗin bai cika ambaton wayar hannu ba, alhali kuwa a gidaje da dama ita ce ta gaji tsohon akwatin ƙarfe da magidanta ke ɓoye takardu a ƙarƙashin gado.

A ambaliyar shekarar 2022, wadda ta hallaka sama da mutum 600 a faɗin ƙasar nan ta kuma raba fiye da miliyan ɗaya da muhallansu, Jakusko na cikin yankunan Yobe da ruwa ya yi wa ɓarna. Bayan shekara biyu, a watan Satumba na 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye sassa masu yawa na Maiduguri cikin dare. Ƙididdigar da kan biyo bayan irin waɗannan masifu tana lissafa rayuka da gidaje da gonaki. Babu wanda ke ƙirga wayoyin da suka nutse, balle abin da ya tafi tare da su.

Abin da ke cikin wayar ba ƙarami ba ne. Ɗan kasuwar da ke loda bandar kifi daga Gashuwa ko Nguru zuwa Kano da kudancin ƙasa yana ƙulla ciniki ne da saƙon murya na WhatsApp, shaidar biyan kuɗinsa kuma hoton tiransifa ce, al'adar da ta kafu sosai tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023. Manomin shinkafa yana da hoton takardar cinikin gonarsa, wadda aka rubuta da hannu a gaban bulama da shaidu. Ɗalibar Jami'ar Tarayya ta Gashuwa tana da rasit na kuɗin makaranta da babi-babin aikin bincikenta. A wani gidan kuma, hoto ɗaya tak da ya rage na mahaifin da ya rasu yana cikin katin memori mai girman farce.

Shawarar da masana fasaha ke bayarwa a kan wannan sananniya ce: a ajiye kwafin komai a rumbun intanet. Turawa sun laƙaba wa tsarin sunan gajimare, sunan da ke sa wasu zaton kayansu na yawo a sararin sama. A zahiri gine-gine ne cike da manyan kwamfutoci, mallakar kamfanoni irin su Google da Apple da Microsoft, waɗanda ke karɓar kwafin hoto ko takarda ta intanet su adana a wurare fiye da ɗaya. Idan waya ta faɗa ruwa, ko an ƙwace ta, ko ta mutu a hannun mai gyara, sai mai ita ya shiga asusunsa a wata wayar ya tarar da kayansa. Manomi bai buƙatar dogon bayani a kan hikimar raba ajiya, domin ba ya zuba iri da abincin shekara a rumbu guda.

Sai dai shawarar tana tsaye ne a kan wasu sharuɗɗa da mai bayar da ita a Legas ko Abuja yake ɗauka tamkar kowa ya cika su.

Na farko shi ne wurin ajiyar kansa. Google na bai wa kowane asusu giga 15 kyauta, kuma wannan kason ne saƙonnin Gmail da takardun Google Drive da hotunan Google Photos ke rabawa. Apple da Microsoft giga 5 suke bayarwa. A da, Google Photos na karɓar hotuna ba iyaka idan mutum ya yarda a ɗan rage musu nauyi, amma an rufe wannan ƙofa daga ranar 1 ga Yuni, 2021. Daga farkon 2024 kuma, kwafin hirarrakin WhatsApp a wayoyin Android ya shiga cikin lissafin giga 15 ɗin, bayan shekaru ana ajiye shi ba tare da ya taɓa kason mutum ba. Ga wanda hotuna da takardu kawai yake ajiyewa, wurin ya wadatar, domin hoton da bai wuce mega 3 ba sai an tara kusan dubu biyar kafin rumbun ya cika. Bidiyo ne ke cinye wuri. Minti ɗaya na bidiyo mai kyau kan haura mega 100, don haka wanda ya ɗauki bikin kamun kifi na Bade a Gogaram, ya haɗa da na ɗaurin aure biyu da wa'azozin da ake turowa a zaurukan WhatsApp, zai iya cika kasonsa kafin shekara ta zagayo. Idan ya cika, ajiyar hotuna ta tsaya, Gmail ma ya daina karɓar saƙo, abin da ka iya jawo wa mai jiran kiran aiki ko takardar shiga makaranta asarar da bai san dalilinta ba.

Na biyu kuɗin data ne. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi da ya kai kashi 50 cikin 100. Manhajojin ajiya kan zo da saitin da ke jiran a samu Wi-Fi kafin su fara tura kaya, abin da ya dace da gidajen da ke da intanet na dindindin. A Amshi ko Girgir, inda data ta cikin layi ce kaɗai hanyar shiga intanet, wannan saitin na nufin wayar za ta yi ta jira har ranar da za ta lalace, mai ita kuwa yana ganin ya riga ya kunna ajiya. Idan kuma ya sauya saitin ba tare da ya zaɓi abin da za a tura ba, datar mako guda za ta ƙare cikin dare.

Sabis da wutar lantarki su ma ba abin dogaro ba ne. Mutanen Yobe ba su manta da 2013 ba, lokacin da aka katse layukan waya a jihohin Borno da Yobe da Adamawa bayan ayyana dokar ta-ɓaci a watan Mayu, ba a dawo da na Yobe ba sai a watan Yuli. An sake ganin irin haka a Zamfara a watan Satumba na 2021. A watan Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin bankuna suka tangaɗe, a watan Oktoban shekarar kuma yawancin jihohin Arewa suka shafe kwanaki cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Abin da ke rumbun intanet ba ya ɓata a irin waɗannan ranaku, amma ba a iya kai hannu gare shi. Saboda haka katin memori da filas da takardar da aka buga aka sa a leda ba su tashi daga aiki ba.

Matsalar da ta fi duk waɗannan girma, wadda kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, ita ce ta mabuɗi. Galibin wayoyin da ke hannun jama'a a yankin ƙirar Tecno da Infinix da itel ne, masu aiki da Android, kuma ba a more su sosai sai da asusun Google. Abin da aka saba shi ne, ranar da aka sayi waya, yaron shago ko wani ɗan'uwa mai boko ya buɗe asusun nan take, ya ƙirƙiri kalmar sirri, ya miƙa wa mai ita. Bayan shekara biyu babu wanda ke tuna kalmar a cikinsu. Wayar na iya yin ta tura hotuna rumbun duk tsawon wannan lokaci, amma ranar da ta ɓata sai a tarar da rumbu cike, ƙofa a kulle. Mafita mafi sauƙi a wajen mutane ita ce a buɗe sabon asusu, shi ya sa ake samun mutum ɗaya da asusu uku ko huɗu, kowanne da guntun tarihinsa a ciki. Tun daga watan Disamba na 2023 kuwa, Google ya fara aiki da ƙa'idar da ta ba shi damar goge asusun da aka shekara biyu ba a shiga ba, har da abin da ke cikinsa.

Hanyar da aka fi bi wajen dawo da asusu ita ce lambar wayar da aka ɗaura masa, a nan ne kuma batun ya haɗu da rajistar layi. Tun watan Disamba na 2020 gwamnatin tarayya ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, aka yi ta ɗage wa'adi har zuwa watan Satumba na 2024. Wanda layinsa ke ɗauke da sunan wani, kamar yadda yake ga mata da tsofaffi da yawa a karkara, ba zai iya yin walkambak da kansa ba idan layin ya ɓata tare da wayar. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kuma, kamfani na iya sayar wa wani, saƙon lambobin tabbatarwa ya koma zuwa hannun baƙo. WhatsApp ya fi tsauri, domin dawo da tsofaffin hirarraki na buƙatar lambar wayar da asusun Google ɗin da aka yi ajiyar da su, duka biyun.

Akwai kuma batun sirri, wanda ba a raina shi a al'ummar da ke ɗaukar hoton iyali a matsayin abin da ba a bajewa a kasuwa. Magidanta da yawa na ƙyamar a ce hotunan matansu da 'ya'yansu na ajiye a kwamfutar wani kamfani a ƙasar waje. Damuwar tana da tushe, amma haɗarin da ya fi kusa yana gida: wayar da aka bari a shagon caji ko wajen mai gyara ba tare da kulle ba, da asusun da wanda ya buɗe shi ke riƙe da kalmar sirrinsa, wanda ke iya ganin duk hoton da aka ɗauka ko da yana wani gari. WhatsApp ya samar da hanyar rufe kwafin hirarraki da kalmar sirri ta musamman tun watan Oktoba na 2021, ta yadda ko kamfanin ba zai iya buɗewa ba. Kaifinta biyu ne, domin wanda ya manta kalmar bayan wayarsa ta ɓata, babu ofishin da zai kai kuka.

Ta fuskar doka, Najeriya ta ɗan matsa gaba. Dokar Kare Bayanai da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta kafa hukumar NDPC, ta kuma gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan 'yan ƙasa zuwa waje. A watan Yuli na 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta ci kamfanin Meta, mamallakin Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya. An kuma gina cibiyoyin adana bayanai a cikin gida, ciki har da ta Galaxy Backbone a Kano. Sai dai waɗannan cibiyoyi ma'aikatu da kamfanoni suke yi wa hidima. Mai sayar da kifi a Gashuwa har yanzu rumbun da ya zo da wayarsa shi ne iyakar zaɓinsa.

Idan aka auna duka, abin da ya dace da yanki irin Jakusko shi ne ajiya ta zaɓe. Wasu takardun suna da kwafi a hannun hukuma: ana iya sake fitar da silif na NIN, hukumar WAEC ta buɗe kafar samun takardar shaidar jarrabawa ta intanet tun 2022, banki kuma na iya fitar da bayanin shige da fice na asusu. Waɗanda ba su da na biyu su ne takardun cinikin gona da fili na hannu, da littafin bashi, da takardun rabon gado, da katin asibiti, da hotunan magabata. Duka-duka ba za su kai giga ɗaya ba, kuma datar rana guda ta isa a tura su. Hoton takarda ba ya zama madadin asalinta kai-tsaye a gaban alƙali, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya sanya sharuɗɗa kafin a karɓi abin da ya fito daga na'ura. Duk da haka, wanda ruwa ya cinye takardarsa yana da hoto mai ɗauke da sunayen shaidu da kwanan wata ya fi wanda ya zo da baki kawai.

Wani kuskure da ke yawan faruwa ya cancanci a ambata. Manhajar Google Photos tana daidaita abin da ke waya da abin da ke rumbu, don haka wanda ya goge hoto daga cikinta da nufin samun wuri a waya, ya goge shi ne daga wuraren biyu. Yakan zauna na ɗan lokaci a kwandon shara na manhajar, daga nan ya tafi ke nan. Manhajar na da wani maɓalli dabam na sauke nauyin waya, wanda ke cire kwafin cikin waya kawai ya bar na rumbu.

Hukumar NITDA, wadda ke jagorantar shirin wayar da kan jama'a kan fasahar zamani, da hukumar agajin gaggawa ta Jihar Yobe suna da hanyar isar da wannan saƙo ba tare da sabon kasafi ba. Sanarwar ambaliya da ake yi a rediyo da Hausa da Kanuri da Badanci kafin watan Agusta na iya ɗaukar ƙarin jimla biyu: a ɗauki hoton muhimman takardu a tura rumbu, a kuma rubuta adireshin imel da kalmar sirri a takarda a ba amintacce ajiya. Masu shagunan waya na Gashuwa da Nguru, waɗanda a hannunsu ake buɗe yawancin asusun yankin, su ne rukunin farko da ya kamata horon ya fara isa gare su.