Ƙaddara Ba Mayafin Sakaci Ba Ce

 Ya ku 'yan'uwa Musulmi, ina so in yi magana a kan jirgin sama da rayukan da suka salwanta cikinsa.

Ku sani Kano ta sha wannan ɗaci ba sau ɗaya ba. A 1956 jirgin Ingila ya tashi cikin hadari, ya bugi itace, mutum 32 suka rasu. Ran 22 ga Janairu 1973 jirgin mahajjata ya taso daga Jidda za shi Ikko, aka juyo da shi Kano, ya faɗi wajen sauka, ya kama wuta, mutum 176 suka cika. Ran 4 ga Mayu 2002 wani ya faɗa kan gidajen Gwammaja, ya kashe na ciki da na ƙasa, fiye da mutum 100. Allah Ya jiƙansu. Kowane karo muka yi salla, muka binne, muka ce ƙaddara, muka watse.

Ni ban musa ƙaddara ba, wanda ya musa ta ya fita hanya. Amma ku dubi abin da ya faru a Jidda ran 11 ga Yuli 1991. Jirgi zai kai alhazai Sakkwato. An san iskar ƙafafunsa ta yi ƙasa, makaniki ya nemi a ƙara, aka ce lokaci ya ƙure. Taya ta fashe wajen tashi, wuta ta kama, aka naɗe ƙafafun cikin jirgi da wutarsu. Mutum 261, ba wanda ya fita. Masu bincike kuwa suka tarar an gyara lissafin takarda don a ɓoye aibin. To, wannan me sunansa? A fiƙihun da muka karanta a zaure, wanda aka ba amana ya yi sakaci, lamuni yana kansa. Mai kwalekwalen da ya san ɓula ya ɗebi mutane, alƙali ba ya sallamarsa don ya ambaci ƙaddara.

Abin da ya fi damuna, duk waɗannan an bincika an rubuta, amma da Turanci, an ajiye inda talaka ba ya kaiwa. Tsohuwa ta sayar da gonarta ta biya kujera, ba ta san tarihin jirgin da za ta hau ba.

Saboda haka jam'iyyarmu tana roƙon Hukumar Alhazai, kafin ta yi jinga da kowane kamfani, ta bayyana haɗarin da ya taɓa yi da dalilinsa. Haka kowace ma'aikatar gwamnati mai tashin jirgi, har ƙananan nan da ake fesa wa jan-baki magani da su a gonakin shinkafa, don matuƙansu ma 'ya'yan wasu ne. A juya bayanin da Hausa, boko da ajami, a karanta wa maniyyata tun wurin bita, kafin su biya kuɗi.