Daƙiƙa Arba'in da Suka Cinye Mini Wata Biyu

Duk sanda muka yi waya da Hajiyarmu sai ta ce, "Wai har yanzu ƙirar kike?" Ita dai ta gama yanke hukunci cewa 'yarta ta tsallako Ingila ne don ta zama maƙeriya. Na daina musu, don kusan gaskiyarta ce.

Bincikena a kan jan ƙarfe ne, wanda ke cikin wayar wutar gidanku. In ka cire azurfa, babu ƙarfen da ya kai shi isar da lantarki. Aibinsa laushi. In kuma ka gauraya shi don ya yi ƙwari, sai wutar ta ja baya. Zuba masa tutiya kashi 30 cikin ɗari, za ka sami tagulla mai ƙarfi, amma wutar da take isarwa ba ta wuce kashi 28 cikin ɗari na jan ƙarfe zalla ba.

Ku ɗauki lantarki kamar mai sauri a layin kasuwa. In masu talla sun bazu a tsakiyar hanya, kowane taku sai ya ci karo. In aka tara su a rumfuna nan da can, hanya ta buɗe. To dabarar kenan: a sa baƙon ƙarfen ya fita daga hanya, ya taru ƙanana-ƙanana, su kuma waɗannan ƙwayoyi su tokare jikin jan ƙarfen kada ya zame ya lanƙwashe.

Ni da kuromiyam nake aiki, ƙasa da kashi 1 cikin ɗari. Jan ƙarfe yana narkewa a digiri 1085, kuma tun daga daskarewarsa ake cin nasara ko a faɗi. Yana daskarewa ne da rassa kamar bishiya. In ya huce a hankali, rassan su yi kauri, kuromiyam ya dunƙule a tsakaninsu, ba amfani. Shi ya sa muke sake gasa shi kusa da digiri 1000, mu tsoma a ruwa nan take, mu murje shi, sannan mu mayar da shi wuta a wajen digiri 470 na 'yan sa'o'i. In an dace, ƙarfinsa ya ninka, wutarsa ta dawo kusan kashi 80. Da irinsa ake yin bakin na'urar walda a masana'antun mota.

"Nan take" ɗin nan ne ya kayar da ni. Ranar, awartaki ya suɓuce mini, kuma bokitin ruwan yana can gefe. Kafin in tsoma, an yi daƙiƙa arba'in. Na ce ai ba komai, ban ma rubuta a littafin aiki ba. Wata biyu ina gwaji a kan waɗannan gutsattsarin, wuta lafiya lau, ƙwari ya ƙi zuwa. Da muka duba a madubin ƙara girma, ga kuromiyam nan manya-manya: ya riga ya fito tun yana iska. Malamina tambaya ɗaya ya yi, daƙiƙa nawa tsakanin wuta da ruwa. Kunya kamar in nutse. Tallafin karatuna kuma a Satumba zai ƙare.

Tun da muna zancen, masu aika kuɗi gida a haɗa sola: ku ce a kankare bakin wayar da wuƙa kafin a biya. In fari ya bayyana a ciki, alminiyam ne aka yi wa rigar jan ƙarfe, kuma wajen kashi 60 kawai yake isarwa. In kaurinsu ɗaya, ya fi saurin zafi.

Litinin zan koma wuta daga farko. Na matso da bokitin gindin murhu, na kuma roƙi wata ɗaliba 'yar Gana ta riƙe mini agogo. Ladanta dambun nama, cikin wanda Hajiya ta aiko.