Raddi Ga Masu Neman A Damƙa Riƙon Gajiyayyu Ga 'Yan Kasuwa

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, aka shiga lissafin ayyukan da ya kamata su ɗauka da waɗanda za su sauke. A cikin wannan lissafi ne wasu ke cewa riƙon tsofaffi marasa galihu ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma. Wai ko da ƙananan hukumomin Kankiya ko Kusada za su tsayar da gidan gajiyayyu, gara a damƙa shi ga kamfani ko ƙungiya, hukuma ta tsame hannunta. Ba na zargin masu wannan ra'ayi da mugun nufi. Amma hujjojinsu biyar ne, kuma kowace tana da amsa.

Da farko a san mai nauyin. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa kafa gidajen gajiyayyu da kula da su cikin ayyukan ƙaramar hukuma, a layi ɗaya da maƙabartu. Sashe na 16 kuma ya sanya kula da tsofaffi cikin manufofin ƙasa. Don haka amana ce da doka ta rataya a wuyan ciyaman da kansilolinsa.

Hujja ta farko: ƙaramar hukuma ba ta iya riƙe komai, a dubi ɗakunan shan magani da azuzuwan firamare. Gazawar gaskiya ce, amma ita ce ke rushe hujjar. Sa ido a kan ɗan kwangila ya fi gudanar da gida wuya. Sai an sami mai karanta yarjejeniya, da mai shiga ɗakuna ba sanarwa, da mai ƙarfin halin soke kwangila ko da ta ɗan'uwan wani babba ce. Hukumar da ta kasa tsawata wa ma'aikacin da take biya albashi, da wane baki za ta tsawata wa kamfanin da ke Kano ko Abuja? Ingila na da hukuma sukutum mai binciken gidajen tsofaffi tun 2009, kuma duk da haka abin da zan ambata a ƙasa ya faru.

Hujja ta biyu: ɗan kasuwa ya fi sauƙin kuɗi. Araha ba ta ado. A tambaya daga ina rangwamen zai fito. Wanda ya taɓa jinyar dattijon da ya kwanta ya san aikin: a juya shi dare da rana don kada gyambo ya fito masa a baya, a dama kunu a ba shi cokali-cokali, a wanke shimfiɗa in ya ɓata, a kama masa buta ya yi alwala, a zauna a saurari labarin da ya maimaita jiya. Duk wannan hannun mutum ne da lokacinsa. Mai neman riba ba shi da wurin ragewa sai yawan ma'aikata, da albashinsu, da kwanon abinci. A Faransa, a watan Janairun 2022, binciken ɗan jarida Victor Castanet ya tona yadda ake ƙididdige abinci da ƙunzugun tsofaffi a gidajen kamfanin Orpea. Gwamnati ta bincika, ta kai ƙara, kuma a 2023 wata hukumar kuɗi ta gwamnati ce ta jagoranci ceto kamfanin. Ribar ta tafi wajen masu hannun jari, asarar ta dawo kan jama'a.

Hujja ta uku: ai Turawa ma haka suke yi. Haka ne, bayan wata doka ta 1990 ƙananan hukumomin Birtaniya sun saki mafi yawan gidajensu. Sai a ƙarasa labarin. Kamfanin Southern Cross ya tara gidaje wajen 750 da tsofaffi kimanin 31,000. An sayar da gine-ginen, kamfanin ya koma yana zaman haya a cikinsu. Da kuɗin haya ya hau, abin da ƙananan hukumomi ke biya kuma ya tsaya cak, sai ya durƙushe a 2011, aka rarraba gidajen ga wasu. Kamfanin Four Seasons, wanda ya karɓi wani kaso, shi ma ya faɗi a 2019. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Sannan tsohon Ingila yana da fansho, da yawa suna da gidan sayarwa su biya. Tsohuwar da za a kawo daga wani ƙauyen Kusada ba ta da komai sai tabarma da ƙullin kaya. Kamfani zai karɓi masu 'ya'ya a birni, ita kuwa ta koma bakin masallaci da ƙoƙon bara.

Hujja ta huɗu: al'adarmu ba ta san gidan tsofaffi ba, ɗa ne ke riƙe uwa da uba. Wannan ita ce mafi ƙarfi, kuma ina tare da rabinta. Tsoho ya fi samun natsuwa a zaurensa, jikoki na kai da komo. Abin kunya ne mai hali ya kai mahaifinsa wani gida. To, amma wanda bai haihu ba fa? Da wadda 'ya'yanta suka rigaye ta? Da dattijon da 'yan bindiga suka tasa daga yankin Batsari ko Safana, ya rasa gona da dangi a dare ɗaya? Musulunci bai bar irin waɗannan ga sa'a ba. Abu Yusuf ya kawo a Kitabul Kharaj cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsohon Bayahude yana bara, ya sauke masa jiziya, ya sa a riƙa ba shi daga baitulmali. Bai nemo wani attajiri ya jingina masa shi ba.

Hujja ta biyar: to, a bai wa ƙungiyar agaji ko ta addini, wadda ba riba take nema ba. Maraba da su. Zakka da wakafi da sadakar masu hali su ne suka daɗe suna rufa wa gajiyayyu asiri. Sai dai ƙungiya da kuɗin wani take numfashi. Mun ga yadda ayyukan jinƙai suka tsaya a Arewa a 2025 da Amurka ta zaftare tallafinta. Ran da mai bayarwa ya gaji, ƙungiya na iya rufe ofis ta tafi. Ƙaramar hukuma kuwa ba ta da inda za ta, kuma talaka ya san ƙofar gidan kansilansa.

Abin da ya dace a fili yake. Fili da gini su zauna da sunan ƙaramar hukuma, a hana sayarwa ko jinginarwa. A ware kuɗin abinci da magani a kasafin shekara, a manna shi inda kowa zai gani. A ɗauki ma'aikata daga 'ya'yanmu da makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya ke yayewa, a haɗa gidan da babban asibitin garin. Hakimi da liman da wakiliyar mata su sami ikon shiga duk lokacin da suka so. Tsohon da ke da inda zai zauna, a bi shi har gida da hatsi da magani. Ƙungiya ta kawo gudunmawa, ɗan kwangila ya kawo itace ko ya gyara rufi, amma mabuɗi ya kwana a hannun hukuma.

Ya ku shugabannin Kankiya da Kusada, waɗannan dattawa su ne suka noma gero da dawar da aka yi renonku da su. Ku nemi mataimaka yadda kuke so, amma kada ku sa hannu a takardar da za ta fitar da su daga wuyanku. Allah ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.