Bayan Tiyatar Rage Ƙiba: Haƙƙin Majinyaci A Kan Iyalinsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammad da iyalansa da sahabbansa baki ɗaya.

Wata baiwar Allah daga danginmu a Ƙauran Namoda ta shafe shekaru tana fama da matsananciyar ƙiba da ciwon sukari da ciwon gwiwa, har ta kai sallah ma sai a zaune. 'Ya'yanta suka haɗa kuɗi aka kai ta Masar, aka yi mata tiyatar rage tumbi. Ranar da ta dawo gida ya cika da masu barka da arziki, aka yanka kaji, aka tuƙa tuwon shinkafa, aka dama fura. Ta kurɓi romo cokali uku ta ajiye. Ƙanwarta ta dube ta ta ce, "Haba Yaya, wanga ɗan abu za ki ci? Daure ki taɓa tuwon, ko don albarkacin baƙi." Kunya ta sa ta daure. A daren nan amai da murɗar ciki suka hana ta barci. Babu wanda ya nufe ta da sharri a gidan. Ƙauna ce ta haɗu da rashin sani.

Abin da nake son tabbatarwa shi ne: likita kan gama aikinsa cikin 'yan sa'o'i, amma warkewa a gida ake yin ta, shekara da shekaru, kuma tana da haƙƙoƙi a wuyan iyali waɗanda addini zai tambaye su a kansu.

Na san wani zai ce maganar ƙiba ba ta da muhalli a yankinmu. Yana da hujja. A shekarar 2024 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi, ta tarar ɗaya cikin huɗu yana fama da tamowa. Wannan ita ce babbar musibarmu. Sai dai ciwo ɗaya ba ya kore wani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙiba mai cutarwa, kuma a gidajen 'yan kasuwa da ma'aikatanmu ana samun masu ita, tare da hawan jini da ciwon sukari. Abin lura ma shi ne, wanda aka yi wa wannan tiyata, idan ba a kula da shi ba, tamowar ce ke iya kama shi alhali rumbun gidansu cike yake.

Game da hukuncin aikin kansa, Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ta zauna a Putrajaya ta ƙasar Malesiya a watan Yulin 2007, ta fitar da ƙuduri mai lamba 173. A ciki ta halatta rage nauyi ta hanyoyin da likitoci suka amince da su, har da tiyata, muddin nauyin ya zama cuta, ba a sami wata hanya ba, kuma an aminta daga cutarwa. Likitoci ma ba kowa suke yi wa ba. Suna raba nauyin mutum a kilo da tsayinsa a mita sau kansa; mai tsayin mita 1.7 da ya kai kilo 116 ma'auninsa ya kai 40, wanda shi ne matakin ƙiba mai tsanani. Saboda haka wanda ya yi ta bisa lalura magani ya nema, kuma neman magani abu ne da shari'a ta kwaɗaitar.

Aikin iri biyu ne suka fi yawa. A na farko ana yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi, wato jakar da abinci ke sauka, a bar siriri mai kama da ayaba. A na biyu, wanda likita Edward Mason ya fara a Jami'ar Iowa ta Amurka a shekarun 1960, ana ware ɗan aljihu kamar girman ƙwai a saman tumbin, a haɗa shi da hanji ta can gaba. Duk wanda ya fahimci wannan zai gane cewa malmalar tuwo ba ta da wurin zama a cikin majinyacin.

Haƙƙi na farko shi ne na abinci. A makonnin farko ruwa-ruwa kawai yake sha, sannan abin da aka niƙe, sannan mai laushi, kafin ya kai ga abincin gida bayan kamar wata biyu. Ko a lokacin, loma kaɗan ce, a tauna sosai, a fara da mai gina jiki: ƙwai, kifi, wake, alale, awara, kindirmo, naman kaza. Ba ya haɗa ci da shan ruwa. Sai ya bari kamar rabin awa, sannan ya riƙa kurɓa a hankali tsawon yini. Lemon kwalba da kunun zaƙi da fura mai sukari na iya zarcewa hanji da sauri su jawo jiri da gumi da bugun zuciya da gudawa. Mai masauki da ya rantse wa irin wannan baƙo sai ya cinye, ya cutar da shi da sunan karamci. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta haɗa izinin ci da sha da hanin wuce iyaka, kuma hadisin Miƙdam ɗan Ma'adikarib da Tirmizi ya ruwaito ya koyar da raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi. Abin da aka kwaɗaitar da mu duka, ga majinyacin nan ya zama dole.

Haƙƙi na biyu shi ne na magani. Jikinsa ba ya ƙara tsotsar sinadaran abinci kamar da, don haka zai riƙa shan bitamin da maganin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi har ƙarshen rayuwarsa, wani lokaci da allurar bitamin B12, tare da gwajin jini lokaci zuwa lokaci. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba, na iya haifar masa da gyambon ciki. Amai da ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi da ciwon ciki mai tsanani, alama ce ta a garzaya asibiti. A nan yankinmu ke da matsala ta musamman, domin kowa ya san halin da hanyoyin Shinkafi da Zurmi suke ciki saboda 'yan bindiga. Don haka tun kafin a sayi tikitin jirgi, ya kamata iyali su san wane likita ne zai ci gaba da duba shi, a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ne ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, su kuma dawo da cikakken rahoton aikin a rubuce. Wanda zai iya biyan kuɗin tiyata amma ba zai iya ɗaukar nauyin abin da ke bayanta ba, bai cika sharaɗin aminta daga cutarwa ba.

Haƙƙi na uku shi ne na ibada. Wanda ba ya iya shan kofi guda a tashi ɗaya ba zai iya tara ruwan yini a sahur ba, balle a ƙasar da zafin bazara kan haura digiri 40. Likitoci da dama kan ba da shawarar a jinkirta azumi wata shida zuwa shekara bayan aikin. Ayoyi na 184 da 185 a Suratul Baƙara sun ba marar lafiya damar ya sha ya rama daga baya. Malamanmu na Malikiyya sun ƙara bayani cewa idan ya ji tsoron halaka ko cutuwa mai tsanani, shan azumin wajibi ne a kansa. Wanda likita amintacce ya tabbatar ba zai ƙara iyawa ba, an so ya ciyar da mudun Annabi ɗaya a madadin kowace rana. Haka sallah: hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari ya nuna wanda ya kasa tsayuwa ya zauna, wanda ya kasa zama ya kishingiɗa. Gorin da ake yi wa mai rangwame a cikin gida shi ke sa wasu su ɗauki azumin da zai kwantar da su.

Mace kuma tana da ƙarin haƙƙi. Likitoci na neman ta dakata da ɗaukar ciki na wata 12 zuwa 18, domin jikin da ke zubar da nauyi da sauri ba ya wadatar da ɗan tayi. Malamai sun halatta tazara ta ɗan lokaci saboda lalura, da yardar ma'aurata. Ya rage ga miji ya tsaya mata, ya kuma fahimtar da mahaifiyarsa da 'yan'uwansa.

Haƙƙi na huɗu shi ne na harshe. A al'adarmu ƙiba alamar hutu ce, rama kuwa alamar wahala. Idan mutum ya zube cikin 'yan watanni, gashi ya kakkarye, fata ta saki, sai tsegumi ya tashi: wasu su ce ƙanjamau ne, wasu su ce sammu, wasu su ce miji ya daina ciyarwa. Suratul Hujurat ta hana izgili da mugun zato da yi da mutum a ayoyi na 11 da 12. Majinyacin da ke koyon zama da sabon jiki, wanda ya rasa daɗin zama a faranti ɗaya da 'yan'uwansa, addu'a da kyakkyawar magana yake bukata.

Shi ma majinyacin akwai amana a kansa. Tumbi na iya sake buɗewa, nauyi na iya dawowa ga wanda ya koma wa zaƙi da ciye-ciye da zama wuri ɗaya. Lafiya uwar jiki ce, kuma aron ta aka ba shi. Idan Allah Ya rage masa bukatar ciki, to abin da ya saura a tukunya yana da masu shi: maƙwabta da marayu da waɗanda rashin tsaro ya raba da gonakinsu suka fake a garuruwanmu. Ciyarwarsa ta azumi ma can ta fi dacewa ta nufa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Allah ne Mafi sani.