RA'AYINMU: Mai Tsohon Bashi Da Neman Gidan Haya

A wannan fitowa muna so mu yi magana a kan wani al'amari da yake yawan zuwa gaban majalisun dattawa, amma kunya takan hana a faɗe shi a fili. Wato zancen ɗan'uwa wanda ƙaura ta kai shi wani gari, yana neman gidan haya, alhali ya baro bashi a baya, sunansa kuma ya ɓaci wajen biya.

Ƙaura ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Bayan rikicin Kaduna na shekarar 2000 iyalai da yawa sun ƙetare kogi zuwa Sabon Tasha, Narayi, Unguwar Romi da Gonin Gora. A Jos ma an yi ta canza unguwanni bayan 2001. A 2014 'yan'uwa daga Gwoza, Michika da Mubi sun watsu zuwa Yola, Jos da kewayen Abuja. Daga baya kuma 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka a Zamfara, Katsina da Kaduna. Ban da waɗannan akwai canjin wurin aiki, akwai fita neman abinci. Wanda ya tashi a gaggauce kuwa, da wuya ya samu ya sallami kowa kafin ya tafi. Wani ya baro ragowar kuɗin haya, wani zubin adashi, wani bashin taki, wani kuma rancen banki.

Da ya isa sabon gari, abin da zai tarar ba mai sauƙi ba ne. Mai gida yana neman kuɗin shekara guda gaba, wani ma na shekara biyu. Dillali yakan nemi kashi 10 cikin 100, mai rubuta yarjejeniya ma haka, sa'an nan ga kuɗin ajiya domin ɓarna. A ce ɗaki ciki da falo naira 300,000 ne a shekara, to, kafin a miƙa masa makulli sai ya haɗa 360,000, ban da kuɗin ajiya. Bayan kuɗi kuma sai tambayoyi: Ina kake aiki? A gidan wa ka zauna a da? Wa zai tsaya maka? A nan ne tsohon bashi yake tare masa hanya.

Ya kamata mu sani cewa a yau bashi ba ya tsayawa a garin da aka ci shi. Tun 2014 aka fara ba masu ajiya a banki lambar BVN, wadda take haɗa dukan asusun mutum wuri ɗaya. A 2017 aka sa hannu a dokar da ta tsara aikin kamfanonin da suke ajiye tarihin bashin mutane, irin su CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Bankuna suna kai musu labarin wanda ya ci bashi da yadda ya biya, dokar kuma ta yarda a duba wannan tarihi domin auna mai neman haya. Har ila yau, tun watan Agusta na 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna dama su cire bashin da lokacinsa ya wuce daga asusun mutum na wasu bankuna, idan ya sa hannu a kan haka lokacin da ya karɓi rancen. Saboda haka mutum yana iya tara kuɗin haya a wani asusu, ya wayi gari an cire.

Amma yawancin masu gidaje a unguwannin da muke zaune ba sa zuwa wajen waɗannan kamfanoni. Wajen fasto suke zuwa, ko wajen dattijon da suka sani. Talakan da ba shi da takardar albashi, ba shi da abin jingina, shaidar ikkilisiya ita ce kaɗai jarinsa. Wannan ne ya sa muke cewa al'amarin namu ne. Matsayinmu kuwa shi ne: ikkilisiya ta tsaya wa ɗan'uwa mai bashi, amma da gaskiya za ta tsaya masa.

Akwai kuskure biyu da muke gani. Na fari shi ne takardar shaida ta ƙarya. Ɗan'uwa ya zo da hawaye, tausayi ya kama shugabanni, sai a rubuta cewa shi amintacce ne cikin kowane abu, a buga hatimin ikkilisiya, alhali an san mai gidansa na dā yana binsa kuɗin wata takwas. Wannan ba jinƙai ba ne, shaidar zur ce. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Mu da ba mu da yawa, unguwannin da ake ba mu haya ƙalilan ne, masu gidajen kuma sun san juna. Ranar da gaskiya ta fito, ba sunan mutum ɗaya ne zai ɓaci ba. Iyalai goma da za su zo bayansa da takarda mai irin wannan hatimi, su ne za a rufe wa ƙofa. Idan kuwa mai gidan ba mai bi ba ne, mun ba shi dalilin raina bisharar da muke wa'azinta.

Kuskure na biyu shi ne wanke hannu. Da zarar an ji kalmar bashi, sai kowa ya ja da baya, a ce ai mutumin banza ne. Sai ka ga mace da 'ya'ya suna kwana a kangon da ba a gama gini ba, ko kuwa maigidan ya je ya ci bashin nan na waya mai ruwa da yawa domin ya biya haya, ya ƙara nutsewa. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wanda aka ƙone masa shago, da wanda ciwon ɗansa ya cinye masa jari, da wanda aka yi wata shida ba a biya shi albashi ba, ba ɗaya suke da wanda ya mai da cin bashi da gudu sana'a ba. Aikin dattawa ne su bincika su rarrabe.

Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu ba. Littafin Karin Magana, a sura 6 da sura 22, ya yi kashedi mai ƙarfi a kan tsaya wa wani lamuni da garaje, har mutum ya rasa abin kwanciyarsa. Amma kuma muna da wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Filimon a kan Unisimas. Bulus bai ɓoye cewa akwai matsala tsakaninsu ba. Ya taɓo zancen ɓarna da bashi a fili, ya shaida canjin da ya gani a rayuwar Unisimas, sa'an nan ya ɗauki biyan a kansa, ya rubuta da hannunsa. Ya san mutumin, ya faɗi gaskiya, ya kuma shirya biya. Idan abu ukun nan suka haɗu, lamuni aikin ƙauna ne. Idan ɗaya ya ɓace, kashedin Karin Magana ne zai cika a kanmu.

Saboda haka ga shawararmu. Ga ɗan'uwa mai ƙaura: kafin ka tashi, je ka ga wanda yake binka, ko da ba ka da abin ba shi a ranar. Ku rubuta adadin bashin da yadda za ka riƙa biya, da shaidu biyu. Idan tashin gaggawa ne, ka neme shi da zarar ka sauka. Takarda mai nuna ka biya naira 10,000 sau uku a jere ta fi rantsuwa ɗari a gaban sabon mai gida. Idan bashin banki ne, doka ta ba ka damar neman rahoton tarihin bashinka kyauta sau ɗaya a shekara, ka nema ka gani, idan akwai kuskure ka sa a gyara. Ka faɗa wa mai gida gaskiya da bakinka kafin ya ji a bakin wani. Ka nemi ɗakin da ƙarfinka zai kai, ko da ɗaya ne a bayan gari. Kada ka ba dillali kuɗi sai ka ga gidan, ka ga mai shi, ka kuma karɓi rasit.

Ga fastoci da dattawa: kada a rubuta shaida sai an tuntuɓi ikkilisiyar da ɗan'uwan ya fito. A rubuta abin da aka sani kawai, da yardarsa: shekarun da ya yi cikin zumunci, dalilin ƙaurarsa, bashin da ke kansa da shirin biya. Asirinsa kuma ya tsaya tsakanin majalisa da mai gida, kada ya zama abin hira a ƙofar sujada. Dattijon da zai tsaya lamuni ya shawarci matarsa tukuna, ya karanta takardar, ya tabbata an rubuta iyakar kuɗi da iyakar lokaci, kada kuma ya tsaya wa abin da ba zai iya biya ba. Mafi kyau ma shi ne kowace gunduma ta buɗe asusun rancen haya marar ruwa, wanda ake mayarwa kaɗan kaɗan domin na baya ya samu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Inda akwai ɗaki a harabar ikkilisiya, a sauki iyali na wata uku, a faɗa musu wa'adin tun ranar farko.

Ga 'yan'uwa masu gidajen haya: ba mu ce ku yi asara ba, gama wasunku gwauraye ne da 'yan fansho, da wannan kuɗi kuke ci. Amma wanda ya zo da gaskiyarsa a hannu, ikkilisiya kuma ta tsaya masa, ku sassauta. Ku karɓi na wata uku uku maimakon na shekara, a rubuce, da sa hannun dattawa. Ku tuna da yawanku baƙi ne a wannan gari a wata rana, wani ne ya buɗe muku ƙofa.

Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta sa wannan magana cikin taronta na gaba, ta tsai da ƙa'ida tun kafin mai bukata ya ƙwanƙwasa. Dukanmu masu bashi ne da aka yafe wa abin da ba za mu iya biya ba. Bari wannan ya sa mu zama masu jinƙai ga ɗan'uwa, masu gaskiya kuma ga mai gida. Ubangiji ya ba mu hikima da zuciyar yin haka. Amin.