Keta: teku na cin gidaje, wa ke duba hankalin masu gidajen?

Ƴan uwanmu da ke kasuwanci tsakanin Lome da Akara sun san Aflao. Yamma da ita akwai wani siririn tudun rairayi, teku a gefe guda, tafkin Keta a ɗayan. Nan masuntan ƙabilar Anlo ke zaune tun kaka da kakanni, kuma nan ruwa ke ci sannu a hankali.

A watan Nuwamban 2021 igiyar ruwa ta afka wa yankin, dubban mutane suka rasa matsuguni. A Maris ɗin 2025 ta sake dawowa kan ƙauyukan Agavedzi da Salakope. Fuveme kuwa, kusa da inda kogin Volta ke shiga teku, ruwa ya cinye gidajenta da makarantarta, mazauna suka tashi. Ba canjin yanayi kaɗai ba ne. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965, rairayin da kogin ke kai wa gaɓa ya ragu, ga kuma masu kwasar yashi. Tashin ruwan teku ya zo ya tarar da gaɓar ta riga ta yi rauni.

To, idan abin ya faru, me ake ƙirgawa? Gidaje nawa suka faɗi, buhun shinkafa nawa aka raba, katifa nawa. Ba a ƙirga matar da ta daina barci saboda ƙarar ruwa da dare, ko masuncin da ya rasa kwale-kwale da koma ya zauna shiru, ga bashi a wuya. A wasu ƙauyukan har makabarta ruwa ya tone. Wanda ya ga an kwashe ƙasusuwan iyayensa, ai katifa ba ta kwantar masa da hankali. Mu da muka ga ambaliyar 2024 a Maraɗi da Damagaram mun san yadda mutum ke zabura da jin tsawa bayan ruwan ya wuce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta duba ƙasashe 95 a 2021, ta tarar 9 kawai suka saka lafiyar ƙwaƙwalwa cikin tsarinsu na lafiya da canjin yanayi. Gana ma, da ta fi maƙwabta da yawa ƙoƙari, tana da doka tun 2012, kuma a 2023 ta daina ɗaukar yunƙurin kashe kai a matsayin laifi. Amma manyan asibitocinta na masu taɓin hankali uku ne, Akara da Pantang da Ankaful, babu ko ɗaya a yankin Volta. Kuma wa zai yarda ya je can a ce ya haukace, alhali baƙin ciki ne ke cinsa?

A ganinmu taimakon sai ya iske mutane inda suke. Zimbabuwe ta gwada: likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, suna zama kan benci a harabar asibitin unguwa suna sauraren masu damuwa, mai tsanani su tura shi wurin likita. Keta na da masu yin wannan aikin: ma'aikatan ƙananan gidajen shan magani, shugabannin masunta, mata masu ƙyafe kifi, fastoci da limamai. Kuɗin horar da su bai kai komai ba kusa da na duwatsun da ake jibgewa a gaɓar Blekusu don tare ruwa.