FILIN MASU BI: Tuban Muzuru Da Tuban Gaskiya

Babu ranar Lahadin da za ta wuce ba a ji dubban masu bi sun haɗa baki a majami'u suna roƙon gafarar zunubansu ba, waɗansu a durƙushe, waɗansu ma har da hawaye. Amma in aka tashi daga sujada, gari ya waye Litinin, sai a tarar mudun nan da aka ƙwanƙwasa wa gindi yana nan yana aiki a kasuwa, gonar marayu tana nan a hannun baffansu, bashin da aka ci tun bara kuwa an mai da shi tatsuniya. Irin wannan shi ne Hausawa ke kira tuban muzuru, watau ana tuba, kaza tana baki. To, da me mai bi zai gane ko nasa tuban na gaskiya ne?

Mafarin al'amarin shi ne mutum ya binciki kansa, kuma wannan shi ne mafi wuya, domin laifi tudu ne, kowa yakan taka nasa ya hangi na wani. Labarin Sarki Dawuda a littafi na biyu na Sama'ila, sura 11 da 12, ya isa misali. Dawuda ya ɗauke Batsheba matar Uriya, ɗaya daga cikin sojojinsa, sa'an nan ya aika wa Yowab, shugaban yaƙi, da takarda cewa a sa Uriya a inda faɗa ya fi zafi a janye a bar shi. Uriya da kansa ya kai takardar. Aka yi makoki, sarki ya auri matar, har ta haihu, watanni suka shuɗe yana zaune a kan gadon sarauta yana yi wa mutane shari'a, ba a ji ya ce uffan ba.

Da Annabi Natan ya zo, bai fara da zargi ba. Ƙara ya kawo, ta wani attajiri mai garkuna da yawa wanda ya yi baƙo, ya ƙi taɓa nasa, ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tak da wani matalauci ya mallaka ya yanka. Dawuda ya husata, ya yanke hukunci nan take cewa mutumin ya cancanci mutuwa, kuma sai ya biya tunkiyar riɓi huɗu. Sai annabin ya nuna masa cewa shi ne attajirin. Abin lura a nan shi ne, Dawuda bai rasa sanin shari'a ba, bai kuma rasa ƙin zalunci ba. Ma'auninsa daidai yake, sai dai bai taɓa hawa kansa ba. Binciken kai ba wani abu ba ne illa mutum ya ɗauki hukuncin da yake saurin yanke wa maƙwabcinsa ya gwada a kan aikin hannunsa. Da Dawuda ya yi haka bai kawo hanzari ba, ya amsa laifinsa a gaban Ubangiji, kuma Zabura ta 51, wadda masu bi ke karantawa har yau, tana ɗauke da sunan wannan rana.

Irin wannan bincike ba ya tsayawa a kan abin da aka yi, sai ya tona dalilin yinsa. Agustin, wanda aka haifa a shekarar 354 a Tagaste, cikin ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, ya kuma zama bishop na birnin Hippo, ya rubuta littafin furta zunubansa bayan ya manyanta. A ciki ya daɗe yana nazarin wani abu da mutane da yawa za su ce yarinta ce: yana ɗan shekara 16 shi da abokansa suka kakkaɓe 'ya'yan itacen wani da dare, suka watsa wa aladu. Ba yunwa yake ji ba, kuma akwai waɗanda suka fi su daɗi a gidansu. Da ya bi diddigi sai ya ga abin da ya ja shi shi ne daɗin yin abin da aka hana, da kunyar kada abokai su ga ya ja da baya. Wanda ya ce kuskure ne kawai ya yi, bai ga komai ba tukuna. Wanda ya gane hassada ce, ko kwaɗayi, ko tsoron bakin mutane, shi ya kama saiwar.

Amma fa ganin laifi da baƙin ciki a kansa ba su ne tuba ba. Da-na-sani ƙeya ce, kowa yana da ita. Shari'ar Musa, a littafin Fitowa sura 22, ta ɗora wa wanda ya saci tunkiya ya yanka ko ya sayar biyan tumaki huɗu, na sa kuwa shanu biyar, kuma da ita Dawuda ya yi hukunci. Wannan lissafi ne ya sake fitowa a bakin Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, cikin Luka sura 19. Da Yesu ya sauka a gidansa, ba a ce Zakka ya yi kuka ba. Tsayawa ya yi a gaban jama'a ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya zalunta riɓi huɗu. A nan ne Yesu ya shaida cewa ceto ya shigo gidan. Hawaye ba su da tsada, amma riɓi huɗu sai an taɓa aljihu.

Tarihin ikilisiya a wannan nahiya ya nuna haka. A shekarar 1929, wani likita Bature mai suna Joe Church, wanda ke aiki a asibitin mishan na Gahini a ƙasar Ruwanda, ya haɗu da Simeon Nsibambi, wani ma'aikacin gwamnati ɗan Uganda, a Kampala, suka zauna suna nazarin Littafi Mai Tsarki suna duban rayuwarsu. Daga irin wannan zama farkawa ta tashi, wadda cikin shekarun 1930 zuwa 1940 ta bazu a Ruwanda da Uganda da Kenya da Tanganyika. Ana kiran mutanenta Balokole, watau cetattu. An san su da mayar da kayan sata ga masu su, da biyan tsofaffin basussuka, da zuwa neman gafarar wanda aka ɓata wa. Ta hannunsu ne wani malamin makaranta, Janani Luwum, ya tuba a 1948. Shi ne ya zama babban bishop na Uganda, ya faɗa wa Idi Amin gaskiya a kan kashe-kashen da ake yi, aka kashe shi a watan Fabrairu na 1977. Wanda ya saba faɗa wa kansa gaskiya ba ya jin nauyin faɗa wa sarki.

Sai dai kuma kada a ɗauka mayar da haƙƙi shi ne iyakar magana. Yahuza Iskariyoti ya amsa laifinsa, ya kuma mayar da azurfa 30 ɗin da aka ba shi, duk da haka ya je ya rataye kansa. Bitrus kuwa, wanda ya yi musun Ubangijinsa har sau uku, ya fita ya yi kuka mai zafi, amma bai gudu daga 'yan'uwa ba, har Yesu ya tashi daga matattu ya sake danƙa masa kiwon tumakinsa. Bambancinsu shi ne, ɗaya ya tsaya yana kallon girman zunubinsa, ɗaya ya juya ga mai gafara. A koyarwar Kirista ba a sayen gafara da biyan riɓi huɗu. Alheri ne na Allah ta wurin Almasihu, biyan kuwa 'ya'yan da itacen ke bayarwa ne in da gaske yana da rai. Binciken kai da ya kai mutum ga fid da zuciya ya ɓace hanya.

Wajibi ne kuma a yi hattara wajen furtawa. Laifin da ke tsakanin mutum da Allah, a kai shi ga Allah, mabiyin Katolika kuma ga fadansa. Wanda aka yi wa wani, a je wurin mai shi. Wanda ya ɓata sunan ikilisiya a fili, a gyara shi a gaban dattawa. Tsayawa a tsakiyar taro ana tona asirin wata baiwar Allah da sunan shaida ba tuba ba ne, sabon zalunci ne.

Manzo Bulus ya gargaɗi Korantiyawa cewa kowa ya auna kansa kafin ya kusanci Jibin Ubangiji, Yesu kuma ya umarci mai kawo baiko, in ya tuna ɗan'uwansa yana da magana a kansa, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. Saboda haka ba sai an jira kwanaki 40 na azumi kafin Ista ba. Ma'ajin ikilisiya ya buɗe littafin kuɗi ya duba shi kamar na abokin gaba yake dubawa. Uwar adashe ta ƙirga abin da ke hannunta. Maigida ya tuna albashin ɗan aikinsa, mai wa'azi kuma ya saurari wa'azinsa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Aikin kuwa ba ya ƙarewa sai rai ya ƙare. A shekarar 430, mayaƙan Bandal suna kewaye da Hippo, Agustin yana kwance ciwon ajali yana da shekara 75, ya sa aka rubuta masa zaburan tuba na Dawuda aka manna a bango daura da gadonsa, yana karantawa yana hawaye har kwanakinsa suka cika. In dattijo irin wannan bai ga ya wuce tuba ba, wane ne ya wuce? Allah ya ba masu bi idon ganin nasu tudun, da ƙarfin halin sakin kazar.